Tawadar Ƙwallon Yazawa

Shekarar da na shiga ajin manya, furfura ta riga ta sauka a gemuna. Lebura ne ni a gonar gwaji ta Samaru, inda ake shuka auduga da gyaɗa layi-layi, kowane layi da ɗan allo kafe a bakinsa. Na daɗe ina wuce allunan nan ban san abin da suke faɗa ba. In an tashi aiki bayan la'asar, sai mu zauna a wata rumfar kara, malaminmu yana rubutu a baƙin allo, mu muna binsa da fensir.

Ba ni da saurin ɗauka. Wasu sun gama baƙaƙe cikin wata biyu, ni sai da na ci damina da rani. Akwai harafi ɗaya da ya fi ba ni wuya, mai ƙoƙo a sama da ƙafa ɗaya miƙe a gaba, kamar mutumin da zai fita. Kullum sai in juya shi ya fuskanci hagu. Malam ya zo ya tsaya a kaina, ya ce, "Baba, ka sake mai da shi gida. Gaba za shi." In goge, in sake. Ban gaji da shi ba, domin shi ne harafin farko a sunan matata.

Ita dariya abin yake ba ta. In na dawo da littafina a hammata sai ta ce, "Ɗan makaranta ya dawo. Yau an yi maka bulala?"

'Ya ɗaya ce ta rayu mana cikin waɗanda Allah ya ba mu. Tana aure a Jushi, gidan wani ma'aikacin jirgin ƙasa, kuma a shekarar nan tana ɗauke da cikin fari. An yi magana tun da wuri cewa a can za ta haihu, amma ranar suna da yamma za a kawo mana ita Samaru, uwarta ta yi mata wankan jego na kwana arba'in, kamar yadda ita ma tata uwar ta yi mata.

Tun kaka matata ta fara tara itace. Kowace rana ƙulli ɗaya, tana jibgewa a bayan ɗakinmu, har tarin ya kusa taɓa bakin jinka. Ta samo wata ƙatuwar tukunya ta kife kusa da shi. Sau da yawa in na dawo sai in same ta zaune tana kallon itacen, tana magana ƙasa-ƙasa da wanda bai zo duniya ba tukuna. Ta riga ta yanke cewa namiji ne. "Angona," take ce masa, "kada ka daɗe, gara tana cin rabonka."

A layin lebura igiyar shanya ɗaya ce ga kowa, kuma matan duk a kasuwar Sabon Gari suke yanko atamfa, sau da yawa daga bandir ɗaya. Ba a mako biyu ba a yi cacar baki a gindin igiyar nan ba. Matata ba ta iya faɗa ba. Sau biyu ɗankwalinta yana tafiya, wani da ya fi shi tsufa ya dawo a madadinsa, ta ninke shi ta ajiye. Abin yana damuna, ban dai san yadda zan yi ba.

Wata Lahadi na hau keke na je Sabon Gari. A bayan kasuwa akwai wani Bayarabe mai wanki da guga, nakan tsaya inuwarsa in huta. Ran nan na ga ya ɗauko wani ƙwallo mai siffar ƙoda, ya kara shi a garwashin dutsen guga, ya huda da allura. Wani mai ya tsattsafo. Ya dangwala tsinke a ciki ya yi zane a kusurwar wani zanen gado. Ina kallo zanen ya fara duhu, kamar yana tasowa daga cikin zaren.

Na ce, "Maigida, mene ne wannan?"

Ya ce, "Alama, Baba. Ka wanke har zane ya mutu, ita tana nan."

Na gane ƙwallon. Na yazawa ne. Akwai 'yan itatuwanta da aka dasa a gefen gonar gwaji, mukan sha 'ya'yan mu jefar da ƙwallon. A ƙauyen da na tashi babu wannan itace, ban san halinsa ba. Na ga dai mutumin a kusurwa kawai yake zanawa, can bakin lafi, amma ban tambayi dalili ba. Hankalina ya riga ya tafi wani wuri. Duk hanyar komawa gida harafin nan nake gani yana tafiya a gaban keken.

Lahadi ta gaba matata ta tafi Jushi duba 'yarta. Na buɗe akwatinta. Kayan suna ne a ciki, sababbi, ko ruwa ba su gani ba: riguna biyu, zane, ɗankwali. A ƙasansu kuma ga ɗan ƙunshin kayan jariri, 'yar riga da hular ulu da zanen goyo. Na ɗauko ƙwallon yazawa da na tsinto a gefen gona, na hura gawayi, na fere kara ya zama alƙalami.

Sai na tsaya ina tunanin inda zan sa. In na sa a waje, matan layi za su gani, kafin azahar labari ya kai gona, a ce tsoho ya shiga boko ne don ya rubuta wa matarsa wasiƙa a jiki. Mu kuwa mun tashi a inda namiji ba ya ɗaga murya da sunan matarsa a gaban mutane, balle ya rataya shi a igiya. Kunya ta sa na juya kowane kaya ciki. Na rubuta a cikin wuyan riga, da cikin bakin zane inda ake sokewa a ƙugu, da tsakiyar ɗankwali. Na rubuta a cikin 'yar hular ma.

Ba na manta tsakar ranar nan. Layi shiru, kaji sun fake a inuwa. Hayaƙin ƙwallon yana da wani wari mai ɗan zaƙi, mai shiga ido. Ina jan kara a hankali, harafin yana fitowa fari-fari, sannan ya yi ja, sannan ya yi baƙi, kuma duk sau bakwai ɗin da na rubuta shi gaba ya fuskanta. Na mayar da komai yadda yake. Na ce ba zan gaya mata ba sai ranar da aka sake faɗa a gindin igiya, in fito in juya wuyan riga a gaban kowa.

Cikin tsakiyar bazara 'yarmu ta sauka. Namiji. Matata ta sa sabuwar riga da sabon zane da sabon ɗankwali, na goya ta a keke muka je barka cikin zafin nan da ke sa gumi ya bi ta gadon baya. Kashegari ma haka. Da muka dawo rana ta biyu ta fara susa a ƙeya da goshi da ƙugu. Ta ce ƙurajen zafi ne.

Rana ta uku ta ɗauki ƙunshin kayan jaririn za ta kai. Ni na tsaya a zaure da keken, ita ta nufi ciki. Ta bayan zana na ji muryar uwar mijin 'yarmu, dattijuwa ce mai zanzana a fuska, irin tabon da agana ke bari.

Ta ce, "'Yar'uwa, tsaya daga nan. Ɗaga ɗankwalinki in gani."

Sai na sake jin muryar dattijuwar.

"Wannan ba ƙurajen zafi ba ne. Ruwa ya ɗura."

Matata ta ce, "Ba na jin komai a jikina. Ko ciwon kai."

"Ba ƙinki nake yi ba. Kin ga fuskata. Biyu na binne a mako ɗaya, da haka ya fara musu. In ya baje kafin suna, ku ɗauki 'yarku da ɗanta. In bai baje ba, ni zan yi mata wankan a nan. Kayan ma ki koma da su tukuna."

Matata ta fito da ƙunshin a hannu. Muka juya Samaru. Saura kwana huɗu suna.

A layi kowa ya ja ɗansa ɗaki, amma kowa yana da sunan da zai ba abin, daga nesa. Wata ta ce ƙarambau ne. Wata ta ce borin jini. Wani tsoho ya ce fitsarin hangara ne, ƙwaron nan da ke cin furen gero, in ya bi ta jikin mutum fata ta tashi. Aka ce masa ina hangara a bazara. Wani ya ce ko ta ratsa ta shingen tinya ne wajen neman itace, ruwanta ya ɗiga mata.

A lokacin malam ya ce kowa ya riƙa rubuto kalmomi goma daga gidansa. Ni ba ni da wasu kalmomi a gida sai waɗannan. Na zauna a bakin ƙofa ina rubutawa, ina tambayar duk wanda ya wuce bambancinsu. Bororo shi ne wanda fata ke ɗagawa ta riƙe ruwa garai-garai. Maruru yana da ido, kuma mugunya ce a cikinsa. Kanta ita ce abin da ƙotar fartanya ke bari bayan bororo ya fashe ya warke sau da yawa, irin wadda ta cika tafin hannuna. Ina rubutu a hankali, ina ji kamar in na kama sunan gaskiya a takarda, abin zai tsaya wuri ɗaya in iya magana da shi.

Na matata bororo ne, wannan kam na tabbatar. Da hantsi, in haske ya shigo ta ƙofa ya sauka a goshinta, sai su yi kamar raɓa a ganyen gwaza. Na taɓa matsawa kusa har na ga ƙofar ɗakinmu a cikin babban, 'yar mitsitsiya, da itacen mangwaro a bayanta, da wani ɗan mutum yana leƙe. Kamar akwai wani gida a can ciki inda ba abin da ya faru.

Rana ta huɗu ta ciro riga ta biyu, wadda ta ajiye don ranar suna. Ta ce, "Tunda an ɗinka, zan sa ta ko a ɗaki ne." Ta sa, ta kwanta rigingine a tabarma, idonta a jinka. Tun hantsi har la'asar ba ta juya ba. Gumi ya jiƙa rigar. Ta taga ana hango tarin itacen.

Ana gobe suna na nemi izini a wurin aiki, na ɗauke ta zuwa wani ɗan ɗakin shan magani a Sabon Gari. Hanya ta yi fari da rana. Daga Hanwa zuwa gaba kawalwalniya ce shimfiɗe kamar tafki, muna matsowa tana matsawa. Can nesa jirgi ya yi kuka. Matata ba ta da nauyi a bayan keken, har sau biyu ina waigawa in ga ko tana nan.

Malamin asibitin mutumin kudancin Zazzau ne, mai farar riga da sanyin murya. Ya tambaye ta zazzaɓi, ta ce babu. Ciwon baya, babu. Ya duba lambar rigakafi a damtsenta, ya duba tafin hannu da cikin baki.

Ya ce, "Mama, kwantar da hankalinki. Agana ba ta zuwa babu sallama. Zazzaɓi ne ke mata iso."

Ya hango littafina a aljihu, ya ce in ba shi. Ya karanta kalmomina yana gyaɗa kai. Ya ce su ma a littafinsu haka suke rarrabewa: ƙaramin bororo da bai wuce ƙwayar dawa ba sunansa daban, babba da ya ɗara haka sunansa daban, sannan duk abin da in ya taɓa fata yake tayar da bororo, suna ɗaya ya tara su. Ya rubuta mini kalmomin uku a ƙasan nawa. Har yau harshena bai iya su ba. Ya ce a cikin na ukun akwai ruwan tinya, da hangara, da sodar masu sabulu, da ruwan batirin mota.

"Abin da ya fito daga cikin jini, Baba, warwatse yake fitowa ko'ina. Wanda ya zo daga waje kuwa, inda ya taɓa nan yake tsayawa, yakan ma bar sawunsa. Goshi, ƙeya, ƙugu. Me ke taɓa wuraren nan uku? Mama, sunkuya in ga bayan."

Ta sunkuya. Ya ɗan ja wuyan rigar ƙasa. Wuyan riga ta biyu ya fi na farko zurfi, don haka a ƙasan tsohon ciwon akwai wani sabo, a kan lafiyayyar fata.

Ya ce, "Ka gani? Kamar an ja layi."

Na matso. Ƙananan bororo ne jere kamar duwatsun wuya a zare. Layi ɗaya a tsaye. Ƙoƙo a sama. Ƙafa ɗaya a miƙe. Yana fuskantar hagu, daidai yadda na yi wata da watanni ina rubuta shi. Ɗakin ya yi mini nisa. Na ji kamar ina rumfar kara, malam yana tsaye a kaina. Ban san lokacin da na karanta shi da ƙarfi ba.

Matata ta ce, "Me ya ce?"

Na juya wuyan rigar na nuna musu baƙin harafin. Na ba da labari tun daga mai wanki har zuwa akwati. Malamin asibitin ya riƙe baki, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce man ƙwallon yazawa yana cikin manyan masu tayar da bororo, shi ya sa masu wanki ba sa sa shi inda zai kwanta a fata.

Matata ta gyara ɗaurinta a hankali. Ta dube ni ta ce, "Wata nawa kana zuwa makarantar nan, Malam? Ashe a bayana za ka ci jarrabawa."

Malamin asibitin ya ce, "Kuma ya juya shi."

Na ce, "A rigar daidai yake."

"Nawa ka rubuta?" in ji ta.

Na fara lissafa mata. Da na zo kan 'yar hula sai muryata ta tsaya. Ita ma ta daina murmushi. Ta ce, "Da ta bar ni na shiga ran nan, da hannuna zan sa masa."

Aka wanke mata wuraren, aka shafa wani farin magani mai sanyi, aka ce kada ta fasa su. Ta lulluɓa da tsohon mayafinta. Malamin ya rubuta takarda cewa ba ciwon ɗauka ba ne. Na biya wurin mai wanki na roƙi ƙwallo ɗaya, muka wuce Jushi.

Dattijuwar ta fito zaure. Ɗanta ya bi jirgi sai dare, babu mai karatu a gidan. Na ba ta labarin ƙwallon, na buɗe takardar zan karanta mata.

Ta ce, "Kai ka rubuta ciwon, kai kuma za ka karanta mini cewa ba ciwo ba ne?"

Ban ga laifinta ba. Na nemi garwashi, na kara ƙwallon, na huda, na miƙa mata tsinke. Na naɗe hannun rigata na ba ta cikin damtsena, inda fartanya ba ta taɓa ba. Na ce, "Iya, zana abin da kika ga dama. In gobe abin da kika zana ne ya tashi, kin san daga ina ya zo."

Ta ce ita ba ta iya zane ba. Ta yi tunani, sannan ta ɗiga ɗigo uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama, kamar duwatsun murhu.

Kafin mu kai Hanwa wurin ya fara zafi. Na yi ta tuƙi ina jin ɗigon nan uku suna ci kamar ƙananan garwashi, ban taɓa jin daɗin zafi irin na ranar ba.

Da safe muka koma Jushi, bayan an raɗa suna an watse, na aika a kira dattijuwar zaure. Na naɗe hannun riga. Bororo uku, cike da ruwa, kowanne a inda ta ajiye shi. Ta kama hannuna ta juya shi wajen haske. Ta daɗe. Sannan ta leƙa waje inda matata ke tsaye a gindin bango, ta ce, "'Yar'uwa, me kike yi a rana? Shigo, angonki tun ɗazu yake cigiya."

Da yamma aka kawo 'yarmu da jaririn Samaru. Kafin su iso na bi kayan nan bakwai da almakashi na yanke kowane harafi, matata kuma daga baya ta bi ta lafe wuraren da allura. Hular ce kawai ba ta gyaru ba, ulun ya warware.

Kashegari da sassafe na ji ƙarar itace. Na fito na same ta ta ɗora tukunya, wuta tana lasar gindinta. Hayaƙi ya tashi ya haɗu da tururi, har ba na ganin fuskarta sosai, sai inuwarta tana kai da kawo da ganyen wanka a hannu. Tarin itacen ya ragu da ƙulli ɗaya. Da ta gama da 'yarta, ta ɗauko jaririn a cikin wani tsohon zane mai laushi, ta zauna a kan turmi tana shafa masa kai, inda gashi ya kwanta luf.

Ta ce masa, "Angona, ka ga wancan tsohon? Wasiƙa ya so ya rubuta maka a nan."

Ta ɗago ta dube ni ta cikin hayaƙin. "Tsaye kake? Miƙo mini itace."